Makin da Ba na Injiniya Ba

Mabuɗin shagon Injiniya yana cikin jakar 'yarsa, kuma ta rantse ba zai fito ba sai uban ya yi kwana talatin a jere yana cin kore a wani wasan waya. 'Yar nan tun tana ƙarama ake ce mata Lauya, don ba a taɓa kayar da ita a musu ba, har sunanta na gaskiya ya ɓace a gidan. Shi ma uban ba wata jami'a ya shiga ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran fanka da dutsen guga da injin markaɗe a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, mutanen layin suka laƙaba masa Injiniya, ya karɓa bai yi gardama ba.

Da hantsi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, yana tsaye yana kwance wata fanka. Sukudireba ta faɗi daga hannunsa, baki ya karkace, maƙwabcinsa Tela ya ƙwala ihu aka kwashe shi sai asibiti. Kwana tara ya yi a can. Baki ya miƙe, hannu ya dawo, ƙafa ta taka, kowa ya ce an auna arziki. Abin da bai dawo ba shi ne riƙon sabon abu. Ka tambaye shi fankar da ya gyara shekara ashirin baya, zai gaya maka launinta da abin da ya ƙone a cikinta. Ka tambaye shi ko ya sha maganin safe, sai ya juya ya dubi matarsa.

Matar ita ce Umma a bakin 'ya'ya. Shi kuwa tun suna da ƙuruciya Sakatariya yake ce mata, don ita ke riƙe masa ranar da ya yi wa wane alkawari da inda ya jefa tabarau. A da tsokana ce. Bayan ciwon sai tsokanar ta zama aiki, aikin da ba a tashi.

Ranar sallama likita ya ce a riƙa motsa masa kai da hira da karatu da 'yan wasannin nan na tunani. Maganar komawa aikin wuta kuwa, ya ce a dakata sai an ga ya dawo daidai. To, wa zai auna daidai ɗin? Lauya a ofis take aiki, irin ofishin da ko gaisuwa sai an sa mata lamba kafin a yarda an yi ta. Washegari ta zo da rana tsaka, ta karɓi wayar uban ta yi 'yan danne-danne, ta ce ga ma'auni ta samo, kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya.

Kullum wasan tambaya goma yake kawowa, duk na hoto. Wani lokaci hotuna biyu kamar an tsaga kara, a ce nemo bambancin. Wani lokaci a nuna maka kaya shida a kan tebur, a rufe, a buɗe an ɗauke ɗaya, a ce me ya tafi. Wani lokaci katuna ne a kife, kana buɗe biyu-biyu kana neman masu kama. Tsakanin tambaya da tambaya sai tallan maganin rage tumbi ya faɗo maka, kai da ko tumbin ba ka ajiye ba. Wanda ya ci takwas zuwa sama, ranarsa ta yi kore. Biyar zuwa bakwai ruwan ɗorawa, ƙasa da haka ja. Lauya ta haɗa abin da tata wayar, yadda duk yamma launin ranar zai bayyana mata tana zaune a gidanta.

"Baba, kwana talatin a jere, kore," ta ce. "Ranar da ka cika, da hannuna zan kawo maka mabuɗin."

"Yanzu ke ni za ki yi wa jarrabawa? Ni da na koya miki ɗaura igiyar takalmi?"

"Ni dai na faɗa."

Can ƙasan allon, da wasu mitsi-mitsin haruffa, masu wasan sun rubuta cewa don nishaɗi da motsa kai suka yi shi, ba gwajin asibiti ba ne. Amma wa ke karanta mitsi-mitsin haruffa? Lauya ta zuge jaka ta tafi, Umma ta bi ta da ido.

Sati biyu aka yi ana ja. Bayan shayin safe Injiniya zai zauna a kujerarsa ta bakin taga, tabarau a kan hanci, ya riƙe wayar da hannu biyu. A nuna masa kaya shida, leɓensa na motsi yana ƙirga su: kofi, almakashi, agogo, lemo. A rufe, a buɗe. Sai ya tsura wa biyar ɗin da suka rage ido har lokaci ya ƙare.

"Sakatariya, wallahi yanzun nan na gan shi."

"In taya ka?"

"Kul! Ke aka sa wa jarrabawar?"

In ya gama sai gajiya ta danne shi, ya shiga ɗaki ya kwanta har rana ta raba. Da yamma Lauya ta kira, ta ce, "Ba komai, Baba, a hankali," da irin muryar da ake lallashin yaron da ya yi fitsarin kwance. Umma ta tsani muryar nan, Allah ya sani. Mutumin ya daina aski. Abinci sai ya tsakura ya ture. Wanda in ya shigo gida sai ya tsokani kowa har kyanwa, ya koma zama yana kallon bango.

Rana ta goma sha biyar ya kife wayar a hannun kujera ya ce, "Ɗauke mini abin nan daga gabana," ya shige ɗaki. Umma ta ɗauka da niyyar sa caji. Allon bai mutu ba, yana tambaya ko za a sake gwadawa, ga hoton kicin biyu gefe da gefe. Ita fa ba shiryawa ta yi ba. Amma macen da ta yi shekara arba'in tana shiga kicin ta gane wanda ya taɓa mata cokali, a nuna mata kicin biyu a ce nemo bambanci? Haba! Murfin buta babu a na dama. Yatsarta ta riga hankalinta isa. Wayar ta yi wani ɗan ƙara mai daɗi, ta kawo na gaba. Umma ta ce bari ta ga wannan kawai. Da ta ɗago kai ta ci tara, ta yi 'yar dariya ita kaɗai, ta sa cajin ta koma wankinta. Abin da ba ta sani ba, wasan makin da ya fi yawa a ranar yake ajiyewa.

Da yamma tana shigowa da faranti wayar ta yi ƙara. Ko gaisuwa Lauya ba ta tsaya yi ba.

"Baba! Tara! Kore, Baba, kore! Ban gaya maka ba?"

Injiniya ya sauke wayar daga kunne ya dubi matarsa. Safiyar ta riga ta zube masa, babu ita babu alamarta.

"Sakatariya, wai tara na ci yau?"

Nan ne ya kamata ta buɗe baki, ita ma ta san haka. Amma ta ga fuskarsa. Rabon da ta ga haske a fuskar nan tun kafin asibiti, sai ta haɗiye maganar.

"Haka wayar ta ce," ta amsa.

Ta gaya wa kanta ai ba ƙarya ta yi ba, wayar ce ta ce. Ranar Injiniya ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari, ya tambayi inda aka kai masa reza.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Ya yi nasa da safe ya sha ja, ya kwanta. Ita kuma ta ɗora tukunya, ta ja kujerar tsuguno bayan ƙofar kicin, ta kashe sautin wayar ta sake zagayen. Har dabara ta koya. Ba ta cin goma kullum kada Lauya ta tsargu, yau takwas, gobe tara, jibi takwas, tana ganin amsa ƙuru-ƙuru ta danna kuskure da gangan. Kuma a faɗi gaskiya, daɗin wasan take ji. Tun da ta bar makaranta ba wanda ya yi mata tambaya ya tsaya ya ga ko za ta ci, sai dai ina gishiri, ina safata, me za a dafa. Wata rana zuciyarta ta ƙi yarda ta faɗi, ta cinye goman, shinkafa kuma ta kama a tukunya har ƙauri ya kai falo.

Shi kuwa Injiniya ya samo fensir ya fara yi wa kalandar bango alama. Duk yamma Lauya ta kira ta faɗi launi, ya tashi ya ja layi, ya ƙirga da ƙarfi. Abin da aka faɗa masa sau ɗaya yana zubewa, amma wanda aka nanata masa kullum a lokaci guda, wannan yana samun wurin zama. Maganar kore ta zauna daram. Ya kira Tela ya ce, "Ka gaya wa mutanen layi su fara tara matattun fankokinsu, saura kwana goma sha biyu." Ya fito da filaya da sukudirebobi ya shimfiɗa jarida ya bi su da mai ɗaya bayan ɗaya.

Umma ta yanke wa kanta cewa a rana ta ashirin za ta bari. Ja ɗaya ta isa ta rushe ƙirgar, a koma farko, ba wanda zai san komai. Ranar ta zo, ta zauna bayan ƙofa da wayar a cinya ta ƙi taɓawa. Sai ta ji shi a ɗaki bai yi barcin ba, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta leƙa ta ga ya ciro rigar aikinsa mai ruwan toka yana duba maɓallanta. Ta koma ta ci takwas.

Rana ta ashirin da shida ya ɗora buta zai haɗa mata shayi don ya burge ta, ya fita tsakar gida duba wani abu, bai dawo ba. Umma ta tarar ruwa ya ƙone ƙurmus, gindin butar ya yi baƙi. Ta kashe wutar, ta ɓoye butar a bayan buhu. Ta ce wa kanta ai shago daban ne. Aikin shago tsohon abu ne, yana cikin hannunsa, kuma tsohon abu bai taɓa manta shi ba. Duk da haka da Lauya ta kira, Umma ta karɓi wayar ta fita waje.

"Ni kam, anya wasan waya ya isa a ce mutum ya warke? Ko a fara komawa wurin likita?"

"Umma, lamba ba ta ƙarya. Ina da su duka a nan. Ke dai kin saba da shi a gida ne, ba kya son ya fita."

Maganar ta soke ta. Ta buɗe baki, ta tuna da rigar nan mai ruwan toka a rataye, ta ce to Allah ya sa alheri.

Kwana talatin suka cika ranar wata Juma'a. Asabar da safe Lauya ta zo da mota, ta durƙusa gaban uban ta sa masa mabuɗin a tafin hannu, tana kuka tana dariya. Umma ta yafa mayafi ta ɗauki tsintsiya ta ce ita ma za ta, wa zai share masa shagon da ya yi wata biyu a rufe? Lauya ta sauke su a bakin layin ta wuce kai yara wani wuri, ta ce za ta dawo da rana.

Ƙofar ta yi ƙara da aka ɗaga ta. Warin tsohon mai da ƙonanniyar roba ya tare su. Fankoki marasa fikafikai a rataye a sama, kwalaben ƙusoshi jere a kan kanta kowace da takardarta, dogon benci mai soket huɗu a jikin bango, da kujerarsa da aka tokare ƙafarta ɗaya da kwali tun Lauya na goye. Injiniya ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi. Kafin ka ce me, layin ya taru. Mai aski ya fito da kumfa a hannu, mai sayar da fenti ya rungume shi, Tela na ta faɗin, "Kore talatin! Mu da muke da lafiyar ma ba za mu iya ba." Umma ta sunkuyar da kai ta kama shara.

Aikin farko wata mata ce ta kawo injin markaɗe. Injiniya ya jona, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Sannan ya zare filogin, ya rataya igiyar a wuyansa, kan filogin na lilo a ƙirjinsa. Wannan ita ce dokarsa tun yana saurayi: ba ya buɗe cikin komai sai ya ji filogin abin yana taɓa masa ƙirji. Wasu masu gyara kashe soket kawai suke yi, shi ya ce soket na iya yaudararka, wani na iya kunnawa, amma filogin da ke wuyanka ba ya cikin bango. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ranƙwashi a kan dokar nan. Umma ta ga igiyar a wuyansa, ta ji wani sanyi ya sauka mata har ƙafa. Cikin minti goma ya gano wayar da ta tsinke, ya haɗa, inji ya tashi da ruri. Matar ta yi ta sa albarka. Umma ta ce a ranta, ka gani ko, ashe tsorona ne kawai.

Sai Tela ya shigo da dutsen gugarsa, ya ce tun jiya ya ƙi zafi, ga ɗinkin mutane jibge. Ya ajiye ya koma kan kekensa. Injiniya ya jona, ya jira, ya lasa yatsa ya taɓa gindin, sanyi ƙalau. Daidai nan mai aski ya sake leƙowa, wai ya manta bai tambayi jikin da kyau ba. Mutumin nan in ya fara gaisuwa sai ya gaida kakanninka. Ya tambayi asibiti, ya tambayi allura, ya kawo labarin wani ƙanen matarsa da irin ciwon ya kama, suka yi dariya, ya tafi. Duka-duka bai fi minti uku ba.

Injiniya ya juyo kan benci. Ya kifa dutsen gugar, ya ɗauki sukudireba, ya kwance ƙusa ta farko, ya kwance ta biyu, ya ɗage murfin baya. Ga wayoyi tsirara a ciki. Ya ajiye sukudirebar ya miƙa yatsa.

Umma na duƙe tana tara shara ta ɗago. Wata guda ta yi tana neman abin da ya ɓace a hoto, wannan kam ba ta neme shi ba, shi ya buge ta a ido. Ƙirjinsa babu komai. Ta bi igiyar da kallo, ta gan ta ta bi bayan kwalabe ta shige bango, ɗan jan hasken soket yana ci.

Ba ta san lokacin da ta yar da tsintsiyar ba. Ta fizge igiyar da ƙarfin da ya sa kwalba biyu suka faɗo, ƙusoshi suka watse a ƙasa. Yatsarsa ta sauka a kan wayar bayan filogin ya bar bango, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba.

Ya dubi filogin a hannunta. Ya shafa ƙirjinsa.

"Ai na cire."

"Ba ka cire ba."

"Na cire mana. Ni zan buɗe guga ban cire ba? Shekara arba'in..." Ya sake shafa ƙirjin. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tuntuɓe ne. Kowa na yi. Mutumin da ya ci kore kwana talatin ai ba za a ce..."

"Ba kai ka ci ba."

Ta jawo ƙofar ƙasa rabi don kada layin ya ji, ta tsaya a gabansa da filogin a hannu ta faɗa masa duka. Kicin biyu da murfin buta. Kujerar bayan ƙofa. Yadda take faɗuwa da gangan don kada a gane. Butar da ke bayan buhu. Ba ta rage komai ba, har daɗin da ta riƙa ji ta faɗa, don ta ga in ta ɓoye wannan ma wata ƙaryar ce.

Injiniya ya zauna a kujerarsa.

"Kika bar ni ina ja wa kalanda layi," ya ce. "Kika bar ni ina kiran mutane ina cika baki. Yau duk layin nan sun rungume ni a kan makinki."

"Na ga ka daina cin abinci, Baban Lauya. Na ga kana mutuwa a zaune. Ban iya ba."

"Sai kika zaɓa mini ta tsaye."

Wannan ta shige ta har ƙashi, don gaskiya ya faɗa. Ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko a asibiti. Bai lallashe ta ba. Ya bar ta ta yi mai isarta, yana kallon wayoyin nan tsirara.

"Ni nawa nake ci?" ya tambaya daga baya. "Ni da kaina."

"Da farko biyu. Yanzu huɗu. Shekaranjiya ka ci biyar."

"Biyar. Ba ki taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

"Ashe har na taka ruwan ɗorawa ba wanda ya gaya mini."

Ya mayar da murfin gugar, ya ɗaure ƙusoshin biyu, ya naɗe igiyar. Da kansa ya kai wa Tela, ya ce ya yi haƙuri ya kai wa mai gyaran bakin titi, shi bai shirya ba tukuna. Umma na jin Tela na cewa haba Injiniya, haba Injiniya, shi kuwa ya juyo abinsa. Ya dawo ya kashe soket huɗun ɗaya bayan ɗaya, ya sauke ƙofa, ya datse kwaɗo. Ya karɓi waya ya kira Lauya ya gaya mata da bakinsa, a tsaye a bakin shagon. Yau kam Lauya ba ta yi musu ba. Sai ta ce da wata ƙaramar murya za ta nemo musu ranar ganin likita, kuma tana zuwa yanzu.

Suna jiran motar a inuwar shagon fenti ya kamo hannun Umma ya danƙa mata mabuɗin.

"Ke za ki riƙe. Kada ki ba ni sai likita ya ce, ko na yi fushi, ko na yi rantsuwa."

"To."

"Ban gama ba. Kin san halin kaina yanzu. Maganar nan sau ɗaya aka yi ta. Ta koren kuwa kwana talatin ana buga mini ita." Ya dube ta sosai. "Gobe zan tashi ban san an yi wannan ba. Zan tashi da murnata. Sai kin sake gaya mini, da bakinki, duka. Jibi ma haka, har ta zauna. Kada ki ji tausayina, Sakatariya. Tausayinki na gani yau."

Ta ce ta yi alkawari. A mota Lauya ta yi ta jan hanci tana tuƙi.

Washegari Umma ta haɗa shayi ta yanka burodi ta jera a tebur. Tana goge kofi ta ji 'yar waƙarsa daga ɗaki. Ya fito ya yi aski fes, sanye da rigar aiki, ya ɓalla maɓallai har wuya, yana lalube aljihu yana murmushi.

"Sakatariya, ina kika ajiye mini mabuɗin? Kada in makara, mutane na jira."

Mabuɗin na ɗaure a bakin zanenta, tana jin sanyinsa a jikinta. Ta dubi fuskar nan mai haske, ta ji kamar ta ce yana wurin Lauya, ko ta ce yau Lahadi a bari sai gobe. Ta ajiye kofin, ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baban Lauya," ta ce. "Akwai maganar da ka ce in gaya maka."